Saranda Ma Tarbiyya Ce

'Yan uwana mata, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wadda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta, wato ɗabi'ar watsa wasa. Za ki ga an gama aikin rana, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana lido ana raha, amma da zarar an cinye wa wata 'ya'ya biyu ko uku sai ta murtuke fuska ta ce tuwonta zai ƙone, ko ta sa gefen zane ta kifar da allon wai ba da gangan ba. Daga nan sai gaba ta kwana uku tsakanin maƙwabta ko kishiyoyi, a kan ɗan kwali. Haba jama'a!

Ku dubi darar da maza ke yi a gindin bishiya nan Tofa. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya na abokin wasa. Gwani yakan hango tun daga nesa cewa ba zai sake jera uku ba, sai ya ce "ka ci", a sake zubi. Ɗan koyo ne ke share gurabe da ƙafa.

Haka abin yake a darar Turawa da ake kira ces. Idan mutum ya ga ba mafita, sai ya kwantar da sarkinsa ko ya faɗa da baki, sannan ya miƙa hannu. A 1972 Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, zakaran duniya a lokacin, ya sallama wa Bobby Fischer na Amurka a wasansu na shida, kuma ya bi 'yan kallo ya tafa masa. A 2025 kuwa Magnus Carlsen na Norwe ya naushi tebur don haushi da ya ga Gukesh na Indiya, yaro ɗan shekara 19, ya ci shi. Ya ba shi hannu, har ya dafa bayansa, amma naushin nan mutane suka fi riƙewa.

To yaushe ake sallamawa? A dara da ces babu sa'a sai lissafi, don haka in hanya ta toshe sarai, jan wasa ɓata wa abokiya lokaci ne. Amma lido da sa'a yake tafiya, shida biyu a jere na iya juya komai, saboda haka mai saranda tun wasa bai yi nisa ba raguwa ce, kuma ta tauye wa sauran daɗin wasan. In kin zauna, ki kai ƙarshe. In dole ce ta tashe ki, ki faɗi da bakinki cewa an ci ki, ba ki laɓe bayan tukunya ba.

Ke ma da kika ci, ban da guɗa, ban da habaici, domin kuwa gobe dara na iya cin gida.

Ku tuna yara na gefe suna kallo. Yarinyar da ta ga uwarta na kifar da allo, ita ce gobe za ta kasa cewa "na yi kuskure" a ɗakin mijinta. Allah Ya sa mu gyara, amin.