Ɗan Murhun Gas Mai Gwangwani: Abin Da Na Gani Bayan Kaka Biyu



Tun ranar da aka gan ni a ƙofar shago na ɗora buta a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, ban sake hutawa da tambaya ba. A bakin masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni: "Malam, nawa ka saya? Yana da aminci kuwa?" Amma abin da ya sa na ga dole in rubuta shi ne, makon jiya wata ƙanwarmu ta aiko ɗanta wai in gaya mata inda ake sayarwa, ta ɗauki adashe tana so ta huta da hayaƙin itace. Kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga kuma cutar da ta cinye citta a daminar shekarar, ta karya manoma ta karya mu masu saye. Kuɗin adashe yanzu ba na gwaji ba ne. Don haka ga abin da na gani da idona, bayan kaka biyu ina yawon sayen citta da shi a jaka.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kan murhu ne ɗan mitsitsi mai ƙafafu uku da ake naɗewa, ana murɗa shi a bakin gwangwanin gas mai kama da ƙaramin kwano a kife. Gwangwanin da aka fi samu gram 230 ne, bai ma cika rubu'in kilo ba. Kada a haɗa shi da 'yar tukunyar nan mai kilo 3 ko kilo 6 da yaranmu ke tafiya da ita makaranta a Gidan Waya. Waccan ana sake cika ta. Wannan kuwa in ya ƙare, ya ƙare ke nan. Asalinsa don masu hawan duwatsu da kwana a daji a ƙasashen Turai aka yi shi, mutanen da komai sai sun auna nauyinsa kafin su goya. Ku riƙe wannan, don duk alherinsa da duk aibinsa daga nan suka taso.

Bari in fara da alherinsa, kada in ci amanarsa. Wajen sauri, wallahi ban ga kamarsa ba. In babu iska, lita guda ta ruwa tana tafasa cikin minti 4 zuwa 5, kafin mai gawayi ya gama fifita kai ka kurɓi shayinka. Babu hayaƙi, babu baƙin tukunya, babu warin kalanzir a cikin tufafi. Akwai daren da muka makara a wani ƙauye ta hanyar Kwoi, motar da za ta kwashi buhuna ba ta zo ba, ruwan bazata ya jiƙa duk itacen da ke wurin. Dattijon da muka sauka a gidansa, mutumin Kagoma ne da muka daɗe muna ciniki, ya ce, "Alhaji, yau dai sai haƙuri, wuta ta ƙi." Na ce, "Baba, kawo ruwa kawai." Mu shida muka sha shayi muka dafa taliyar yara a kan wannan ɗan abu, yana ta kallo yana girgiza kai. A irin wannan rana, ya biya kuɗinsa har da riba.

To amma iska ita ce abokiyar gabarsa ta farko. Mun san yadda hunturu ke kaɗawa a nan daga Disamba zuwa Janairu, daidai lokacin da ake tsaga citta ana shanya ta a kan fa. Harshen wutarsa a fili yake, babu abin da ya kare shi. Na gwada a kan dutse da hantsi, ruwan da ke tafasa a minti 4 sai da ya kai minti 10, sau biyu kuma wutar na mutuwa gas na fita a banza. Dabarar ita ce ka sa wani abu ta ɓangaren da iska ke zuwa, dutse ko bokiti, da ɗan tazara. Amma fa kada ka zagaye shi da kwano ko langa-langa ruf, kamar yadda na ga wani yaro ya yi. Zafin yakan koma kan gwangwanin, kuma a jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50. Ka riƙa taɓa shi. In hannunka ya kasa jurewa, kashe wuta nan take.

Abu na biyu sanyin asuba. Na sha tashi bayan salla in kunna, wutar ta fara da ƙarfi, bayan minti biyu ta koma kamar ta aci-balbal. Da farko na ɗauka an cuce ni ne, an sayar mini da rabin gwangwani. Ashe haka halittarsa take. Gas ɗin ciki ruwa ne, sai ya zama tururi yake fitowa, kuma duk lokacin da yake fita yana ƙara sanyaya gwangwanin, shi ya sa za ka ga yana gumi kamar kwalbar lemo. In gwangwanin mai arha ne wanda aka rubuta Butane zalla a jiki, wannan gas ɗin yana daina tashi in sanyinsa ya kai na ƙanƙara. Garinmu bai kai can ba, amma sanyin gari da sanyin da gwangwanin ke jawo wa kansa in sun haɗu, ƙarfinsa yakan faɗi, musamman in ya kusa ƙarewa. Maganin mai sauƙi ne: ka sa shi cikin aljihun rigar sanyi kafin ka kunna, ko ka tsayar da shi a cikin kwano mai ɗan ruwan randa. Ruwan randa na ce, ba ruwan zafi ba, kuma kada wanda ya kuskura ya gasa shi a bakin wuta.

Abu na uku shi ne tukunya, kuma nan ne uwargida ta yanke masa hukunci. Wata rana na ce ta gwada, ta ɗora tukunyar tuwo ta fara tuƙi, abin ya yi tangal-tangal, da kyar ta tare. Ta ce, "Maigida, ɗauke abinka. Wannan na gwauraye ne." Gaskiyarta. Ƙafafunsa ba su ɗaukar tukunyar mutum takwas, tsayinsa ya fi faɗinsa, wutarsa kuma wuri ɗaya take duka, tsakiyar shinkafa ta ƙone gefe bai nuna ba. Babbar tukunya kuma tana mayar da zafi ƙasa kan gwangwanin. A gida mai yara masu rarrafe, tafasasshen ruwa a kan abu mai rawa ba ƙaramin ganganci ba ne.

Sai lissafi, wanda shi ne ya fi shafar mai adashe. A ƙidayata, gwangwani ɗaya yana tafasa mini lita 15 zuwa 18 in babu iska. In ka buɗe wutar gaba ɗaya, da kaɗan yake wuce awa guda. Wato tukunyar wake ɗaya tana iya tashi da gwangwani sukutum. Tukunyar gas mai kilo 6 kuwa, gas ɗin cikinta ya kai na gwangwani 26. Ni kuma ban taɓa sayen gwangwani ɗaya a ƙasa da kuɗin kilo guda na gas a wurin cikawa ba. Ku yi lissafin da kanku: kuna biyan ninki huɗu ko fiye a kan wuta iri ɗaya. Kan murhun ne ke da araha, shi ke jan mutum. Cin kuɗin yana gaba.

Ga kuma wahalar samu. A nan Fadan Kagoma ban taɓa ganin gwangwanin ba. Ko a Kafanchan yau akwai gobe babu, sau da yawa sai na ba da saƙo Kaduna ko Jos. Wanda aka fi samu shi ne dogon nan mai kama da na maganin sauro, wanda masu gyaran firji ke amfani da shi, amma bakinsa daban ne, sai an sa masa wani mahaɗi. In ka tsayar da shi ya yi tsayi da yawa, in kuma ya faɗi yana ci, ruwan gas ne zai fito, wuta ta tashi sama da kai. Murhun da babu tabbacin gas ɗinsa, yaya za a ce masa abin dogaro? Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ba na barin gida sai da gwangwani biyu.

Wannan wahalar ce ta kai ni ga kuskuren da nake jin kunyar faɗa, amma gara in faɗa. Wani saurayi a cikin gari ya ce zai cika mini tsofaffin gwangwanayena daga babbar tukunya da wani ɗan bututun tagulla, a kan kuɗi kaɗan. Kwaɗayin araha ya ja ni, na ba shi biyu. Bayan kwana uku na bar ɗaya a cikin but ɗin mota a rana, muna awon kaya. Da na dawo na ɗauko, na ajiye a ƙasa sai ya ƙi tsayawa. Gindinsa da ke lotse ciki ya kumburo waje kamar cikin tulu. Jikina ya yi sanyi. A wannan motar akwai jarkar fetur, akwai yarana biyu na aiki suna barci a kujerar baya.

Daga baya na gane dalili. Gas ɗin babbar tukunya yakan zo haɗe da wani mai ƙarfin turi da ake kira furofen, shi ya sa ake yin tukunyar da ƙarfe mai kauri. Gwangwani kuwa fallen ƙarfe ne. Na biyu, a masana'anta ba a cika shi fal, ana barin sarari don gas yana kumbura in ya ji zafi. Mai cikawa a lungu ba shi da sikeli, sai ya ji ya daina shiga. Na uku, 'yar robar bakinsa ba don a yi ta ɗurawa ana zazzagewa aka yi ta ba. Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ba a ce ka aika masa goron gayyata ba. Ba mu manta da ranar 4 ga Janairun 2020 ba, da shagon gas ya fashe a Sabon Tasha a Kaduna, aka rasa rayuka, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Ba shi ke sayar da gas ɗin ba, kusa kawai yake. Mu kuma a unguwar nan bango ɗaya ya raba mu, ga zana, ga buhunan busasshiyar citta jibge a zaure. Gobarar mutum ɗaya ta layi guda ce.

Abu biyu kuma da suka shafi iyaye mata. Kada a kunna shi a ɗaki a rufe ƙofa da taga don gudun sanyi. Yana fitar da irin mugunyar iskar nan marar wari da gawayi da janareta ke fitarwa, wadda ke kashe mutum cikin barci. Sannan gwangwanin da ya ƙare kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta, kada kuma yara su ɗauka su kai wa 'yan gwangwan a buga masa guduma. Ko ya daina ci, da sauran gas a ciki. A kunna shi a waje har wutar ta mutu da kanta, a bar shi a buɗe ɗan lokaci nesa da wuta, sannan a rabu da shi.

Wanda duk da haka yake son saye, ga abin dubawa. Ka leƙa ƙasan kan murhun, akwai 'yar baƙar roba zagayayya. In ta tsage ko babu ita, ajiye musu abinsu. Ka duba jikin gwangwanin ko akwai EN 417, ita ce alamar ma'aunin da ake ƙera su a kai, kuma kada ka karɓi mai tsatsa ko wanda ya loɓe. In ka haɗa, shafa kumfar sabulu a mahaɗin, in ta yi ƙwai yana yoyo. Wuta mai kyau shuɗiya ce, in ta yi ja tana baƙanta buta to hancin ya toshe. Ɗan maɓallin da ke kyasta wuta shi ne farkon mutuwa, nawa bai kai wata huɗu ba, don haka ashana ba ta barin jakata. In kana son sanin saura nawa, cire kan ka sa gwangwanin a bokitin ruwa: iya tasowarsa sama, iya ƙarewarsa.

To a ƙarshe wa zan ce ya saya? Direba mai dogon zango, ɗan kasuwa mai kwana a ƙauye, mai zuwa gona mai nisa, da wanda ke son ruwan zafin gaggawa da dare don mai jego ko marar lafiya. Ga waɗannan, abokin tafiya ne na kirki, muddin suna da sabon gwangwani a ajiye. Amma ke ƙanwata, da duk uwar gida mai tukunyar mutum biyar zuwa sama, ki ƙara haƙuri ki haɗa kuɗinki ki sayi mai kilo 6 da mazauninta na ƙarfe, ki riƙa cikawa a wurin da ke da izinin hukuma da sikeli a gabanki. Kurfotinki kuma kada ki bayar, ranar wake da ganda tana nan zuwa.

Masu cika gwangwani a lungu, don Allah ku bari. Ni na tsallake, ban san na bayana ba. Ina roƙon limamanmu da mai unguwa su taya mu jan kunne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya ba mu kaka mai albarka. Wassalam.