Rousong: Dambun Naman Mutanen Sin da Sirrin Ɗorewarsa

A gidaje da yawa na ƙasar Sin da Taiwan da Singafo, da wuya a buɗe kabad ɗin kicin a rasa gwangwanin rousong. Busasshen nama ne sili-sili, ruwan ƙasa-ƙasa, sako-sako, mara nauyi a hannu. Bahaushe na ganinsa zai ce dambun nama ne, kuma bai yi kuskure ba ta fuskar dabara. Bambancin yana ga dabbar: a can da naman alade aka fi yinsa, domin kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a Sin ake cinsa. Abin nazari shi ne yadda abincin da aka riƙa yi don gudun ruɓewar nama ya ƙi ɓacewa bayan firji ya shiga gidaje.

Aikin haƙuri ne. Ana zaɓar tsoka zalla, galibi ta cinya, a cire kitse da jijiya, a yanka ta bin tsawon zaren naman don kada silin ya gutsuttsure. Sai a dafa da baƙin romon waken suya mai gishiri, da sukari da citta, wasu su ƙara giyar shinkafa, har ruwan ya tsotse naman ya yi ligif. Daga nan a farfasa shi, a juye a babban kasko mai zurfi, a rage wuta sosai, a yi ta juyawa ana murzawa da bayan ludayi. Idan wuta ta yi yawa ya ƙone ya yi ɗaci. Idan aka sauke da sauran damshi, ba zai daɗe ba zai yi fumfuna. Kilo 5 na ɗanyen nama kan koma kusan kilo 1, abin da ke bayyana tsadar na ƙwarai.

Salo biyu suka fi suna. Na garin Taicang da ke lardin Jiangsu, kusa da Shanghai, busasshe ne mara maiƙo, silinsa dogaye, yana narkewa a baki. Na lardin Fujian kuwa ana ƙarasa shi da mai, sai ya dunƙule ƙanana-ƙanana, ya fi zaƙi, ya yi ƙurus-ƙurus. Wannan salon ne ya fi karɓuwa a Taiwan, inda ake yawan barbaɗa masa riɗi da busasshen ganyen teku.

Wanda ya ɗebi rousong cike da cokali ya watsa a baki bai fahimci abin ba. Mahaɗi ne, aikinsa shi ne ya tayar da abincin da ba shi da ɗanɗano. Da safe ana zuba shi a kan kunun shinkafa mai kauri wanda ba a sa masa ko gishiri ba. Gefen da ya taɓa kunun ya jiƙe ya saki romo, saman kuma ya ci gaba da ƙurus. Ana barbaɗa shi kan awara mai laushi da sanyi tare da ƙwan agwagwa da aka adana har ya yi baƙi. A Shanghai da Taipei ana cusa shi cikin curin shinkafa mai danƙo, ma'aikaci ya riƙe a hannu yana ci yana sauri. Yara da tsofaffi da marasa lafiya su ne manyan masu cinsa, tunda ba ya buƙatar tauna. Hikimar a fili take: nama kaɗan ya ishi gida guda kwanaki da dama.

Da wadata ta zo, sai rousong ya sauya aiki, ya bar ajiya ya koma marmari. Gidajen biredi ne suka ba shi sabuwar rayuwa. Kamfanin BreadTalk, wanda aka kafa a Singafo a shekarar 2000, ya yi suna ne da biredi mai laushi da aka shafa wa kirim mai zaƙi aka lulluɓe da wannan dambu. A Sin kuma ƙananan kek da aka shafe da mayonis aka mirgina cikin rousong sun sa matasa bin layi. Amma wannan farin jini ya zo da nasa aibu. Sukari ya ƙaru har yana danne ɗanɗanon nama, kuma masu neman arha suna haɗa shi da garin wake. Shi ya sa masu saye da suka san kan abin suke duba silin: idan dogaye ne a rarrabe, nama ne, idan ya yi gari-gari, an yi masa haɗi.

Dabarar ba ta tsaya a Sin ba, ba ta kuma tsaya a kan alade ba. A Biyetnam ana kiransa ruoc a arewa, cha bong a kudu. A Tailan mu yong. Musulmin Indonesiya suna da abon na saniya ko kaza ko kifi, na Maleshiya kuma suna da serunding, wanda ake dafawa da madarar kwakwa da barkono, kuma jihar Kelantan ta shahara da shi. Ana cinsa da Sallah tare da shinkafar da aka dafa cikin gora, kamar yadda matan Kano da Damagaram ke mayar da naman layya dambu don ya kai watanni. Mabiya addinin Buda da ba sa cin nama ma suna yin nasu da waken suya ko laimar kwaɗi. Ke nan abin da al'ummomi suka riƙe shi ne aikin hannun, kowa kuma ya zaɓi abin da addininsa ya halatta masa.

Wannan kamannin yana da amfani ga 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou da Yiwu. Biredi ko kek da aka lulluɓe da abu mai kama da dambu a shagunan can, mafi yawanci na alade ne, ko da ba a ga yankan nama a jikinsa ba. Musulmi sai ya nemi tambarin halal a jikin ledar, ko ya nufi shagunan Musulmin ƙabilar Hui da na Uygur, waɗanda ake samu a waɗannan biranen.