Jinjina ga matuƙan ƙananan jiragen sama

Da kamfanin Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003, matuƙa da dama sun wayi gari babu jirgi. Wasunsu suka koma tuƙa ƙananan jiragen kamfanoni da na attajirai da na shata. Jama'a na ganin ci baya ne. Ni dai ban yarda ba.

A babban kamfani, matuƙi na da ma'aikata birjik, jadawalinsa a rubuce tun wata guda. Nan kuwa kusan komai a wuyansa yake. Tun da asuba zai kewaya jirgin, ya duba taya, ya leƙa injin, ya lissafa mai da nauyin kaya, wani lokaci har jakar fasinja ya ɗauka. Ya sauke mutane a Maraɗi, ya zauna jiran dawowarsu cikin zafin watan Afrilu. Mafi wuya shi ne ranar da hazon hunturu ya rufe fili, mai jirgi na gaggawa, matuƙi ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ba za mu tashi ba." Wannan kalmar ta fi gwanintar tuƙi tsada.

Mutanen Tasawa da Mayahi da ke yankin Maraɗi ma suna cin moriyar irin wannan aiki. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHAS, suna ɗauko likitoci da ma'aikatan agaji daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar da mota ke kwashe yini tana yi, daga nan su kama hanyar karkara.

Matuƙa, sannunku da aiki. Allah Ya sauke ku lafiya.