Sharhi a Kan Littafin The Secret Agent na Joseph Conrad

Masu nazarin ta'addancin ƙasa da ƙasa kan tsaya a kan tambayoyi uku: me ke haddasa shi, yaya yake gudana, kuma ta yaya za a magance shi. Mun ga ya dace mu auna wannan ƙagaggen labari da aka buga a 1907 da waɗannan tambayoyi, don mu ga inda ya ci da inda ya gaza.

Tushen labarin gaskiya ne. A watan Fabrairu 1894 wani Bafaranshe mai suna Martial Bourdin ya mutu bayan da bam ɗin da yake ɗauke da shi ya tashi kusa da cibiyar nazarin taurari ta Greenwich a Landan. A kan wannan Conrad ya gina tauraronsa Verloc, mai ƙaramin kanti, wanda ke cuɗanya da masu aƙidar rushe hukuma alhali yana karɓar albashi daga wani ofishin jakadanci. Jami'in ofishin, Vladimir, shi ya tilasta masa kai harin, domin Ingila ta firgita ta daina ba 'yan gudun hijirar siyasa mafaka.

A nan marubucin ya yi rawar gani. Ya nuna mana cewa mai ɗaukar bam daban, mai cin ribarsa daban, kuma ana zaɓen wurin hari ne saboda ƙarar da zai yi a jaridu. Wanda ya hallaka kuwa shi ne Stevie, ƙanen matar Verloc, mai raunin hankali, wanda aka ɗora wa kayan bai san mene ne ba. Da Winnie ta gane, ta soke mijinta da wuƙa, daga baya ta faɗa teku. Harin bai taɓa hukuma ba, gida guda ya cinye.

Ta fuskar magani ma bai raga wa 'yan sanda ba. Sufeto Heat ya daɗe yana amfani da Verloc a matsayin ɗan rahoto, saboda haka ya so ya ɗora laifin a kan Michaelis, tsohon ɗan kurkuku. Shugabansa kuma ya kare Michaelis don wata attajira mai ɗaure masa gindi aminiyar matarsa ce. Kowa gabansa yake gyarawa.

Sai dai a tambaya ta farko littafin ya gaza. Conrad ya zana masu aƙidar a matsayin ragwaye 'yan surutu, bai tsaya ya nuna mana zalunci da talaucin da ke sa mai hankali ya saurare su ba. Wanda bai san abin da ya kawo ciwo ba, ba zai iya haɗa magani ba. Irin wannan kallon raini ne Chinua Achebe ya zarge shi da yi wa 'yan Afirka a laccarsa ta 1975. Haka nan salonsa na ja da baya da tsallake lokaci zai wahalar da ɗalibin sakandare.

Duk da haka muna kira ga marubutanmu su karanta shi. Wanda zai rubuta labarin tashin hankali, ya fara da neman Stevie ɗinsa, sannan ya yi haƙurin da Conrad bai yi ba, ya tono dalili. Allah ya sa mu dace.