Gekko Ya Fi Ƙarfin Wanda Ya Ƙirƙire Shi

Oliver Stone ya shirya fim ɗin Wall Street a 1987 don ya la'anci haɗama, sai ga shi mai haɗamar ne ya kwashe farin jinin fim ɗin kaf. Bud Fox, ƙaramin dillalin hannun jari a New York, ya samu shiga wurin attajiri Gordon Gekko da ya kai masa sirrin kamfanin jiragen sama na Bluestar, sirrin da ya ji a bakin mahaifinsa, makanike kuma jagoran ƙungiyar ma'aikata.

Inda fim ɗin ya yi tuntuɓe shi ne wajen rabon magana. An ba Gekko harshe mai kaifi, musamman a taron masu hannun jarin Teldar, inda ya caccaki manajoji masu cin albashin banza, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Uban Bud kuwa sai wa'azi. Tuban Bud ma ban yarda da shi ba: bai farka ba sai da ya gano Gekko zai wargaza Bluestar. Da kamfanin uban wani ne, anya zai motsa?

Michael Douglas ya ci kyautar Oscar da wannan rawa, kuma ya sha faɗin cewa dillalai kan tare shi su ce saboda Gekko suka shiga sana'ar.