Wasan Kaka da Jika da Yadda Hausawa Ke Tuna Kakar da Ta Rasu

Wasan kaka da jika yana daga cikin wasannin barkwanci na dangantaka da Hausawa suka gada, kamar wasan taubasai da na ƙanin miji da matar wa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana haɗa wadda ta fi kowa tsufa a gida da wanda ya fi kowa ƙuruciya, kuma ba ya ƙarewa da rasuwar tsohuwa, domin al'ada ta tanadar masa gurbi a zaman makoki da abin da ke biyo bayansa. Saboda haka yadda Bahaushe ke tuna kakarsa bayan ta rasu ya dogara ne ga irin zaman da suka yi tana raye.

Tushen wannan wasa yana cikin kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'yansu. A gidan gargajiya uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna masa so a gaban mutane, uba kuma kwarjininsa ya fi sakin fuskarsa yawa. Ɗakin kaka ne wurin da yaro ke samun sakewar da ya rasa a wurin iyayensa. Masanin halayyar al'umma Radcliffe-Brown ya bayyana a 1940 cewa irin wannan tsari ya yaɗu a Afirka: tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai girmamawa da nesa-nesa, tsakanin kakanni da jikoki kuwa akwai raha. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda riƙo da wasan dangi suke tafiyar da gidan Bahaushe tun kafin zuwan Turawa.

Shaƙuwar takan fara tun kafin yaro ya san kansa. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can ta haihu, uwarta ce ke tsaya mata a wankan jego na kwana 40, ta dama mata kunun kanwa, ta yi wa jariri wanka. Idan lokacin yaye ya zo, wajen shekara biyu, gidan kaka ake kai yaro har ya manta da nono, wani ma daga nan ya zauna ke nan. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ya ƙarfafa wannan matsayi, domin idan uwa ta rasa haƙƙin renon ɗanta, uwar uwa ce ke biye mata kafin dangin uba.

Shi kansa wasan yana da ƙa'idoji sanannu. Kaka tana kiran jikanta namiji mijinta ko angonta, ta tuhume shi da rashin kawo cefane. Jikanya kuwa kishiya ce, kullum ana zarginta da shirin ƙwace maigida. Jika yana da damar ya yi wa kaka tsiya kan haƙoranta da suka zube ko goron da take dakawa, har ya tambaye ta yaushe za ta mutu a sha gumba, ita kuma ta ce sai ta ga tattaɓa-kunne tukuna. Maganar da in an faɗa wa uwa za ta zama abin tsinuwa, a nan dariya take jawowa. A wurare da dama, idan watan cika-ciki ya kama, kuɗin shara kan shiga tsakanin kakanni da jikoki kamar yadda yake shiga tsakanin taubasai. Ta wannan hanya yaro ke saba jin zancen tsufa da mutuwa ba tare da firgita ba, tsohuwa kuma ta samu abokan hira a lokacin da tsararrakinta ke ƙarewa.

Da dare wasan kan koma tatsuniya. Bayan cin tuwo yara sukan kewaye kaka a kan tabarma, ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa da "Ta zo mu ji ta", sannan a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na 'yar mowa da 'yar bora. A tsakanin tatsuniyoyin ne take saka tarihin gida: daga wane gari kakanni suka taso, wace sana'a suka gada, wa ya auri wa. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya shirya wasu don 'yan makaranta. Sai dai takarda labarin kawai ta adana. Sauya murya, da waƙar da yara ke amsawa, da tarihin zuriya guda ɗaya, duk a bakin tsohuwa suke.

Ranar da kaka ta rasu, addini ne ke kan gaba: wanka, likkafani, salla, binnewa, sannan zaman karɓar gaisuwa, mutane na cewa Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Amma idan ta tsufa ƙwarai, al'ada ta ba jikoki wani matsayi dabam da na 'ya'ya. 'Ya'ya suna cikin alhini, jikoki kuwa, musamman a ranar sadakar bakwai ko ta arba'in, sukan yi wasan jika. Wata ta ɗaura zanen marigayiya, ta ɗauki sandarta, ta kwaikwayi tafiyarta da faɗanta, sauran su bi iyaye da baffanni suna neman kuɗi da gumbar da suka daɗe suna jira. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauka rashin tausayi ne. A wurin masu gida kuwa shaida ce cewa tsohuwa ta yi kyakkyawan ƙarshe, ta bar baya mai yawa. Kwaikwayon kuma ba ya yiwuwa sai ga wanda ya zauna da ita har ya haddace muryarta.

Bayan wasan jika, hanya ta biyu ta tunawa ita ce suna. Jaririyar da aka haifa bayan rasuwar akan mayar mata da sunan kaka, kuma saboda iyaye ba za su iya kiran sunan uwarsu gatsau ba, sai a sakaya da Ummi, Mama, Inna ko Hajiya. Ta uku ita ce sadaka da addu'a. A nan malamai suka saɓa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ɗauki keɓe ranakun uku, bakwai da arba'in a matsayin bidi'a, wasu malamai kuma suna ganin halascin taruwa don yi wa mamaci addu'a. Wannan saɓani ya sa wasan jika ya ja baya a gidaje da yawa. Duk da haka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa addu'ar zuriya da sadaka mai gudana, kamar haƙa rijiya, suna amfanar mamaci, kamar yadda hadisi ya tabbatar.

Al'adar tana da nata rauni. Hausawa da kansu suna kiran sangartaccen yaro goyon kaka, domin tsohuwa takan hana a hukunta jika ko ya yi laifi. Wasan ma kan wuce gona da iri ya zama raini, musamman ga tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Babbar barazanar dai ita ce raguwar zaman tare. Gidan gandu ya watse, ma'aurata na kama haya nesa da iyaye, haihuwa ta fara komawa asibiti, talabijin da wayar hannu sun cinye hirar dare. Yaron da ke ganin kakarsa daga Salla sai Salla yana gaishe ta da ladabi, amma ba ya iya tsokanarta, kuma in ta rasu hotonta kaɗai ya sani.

Iyalai da dama sun gane wannan giɓi, suna kai yara hutu gidan kaka, suna shirya taron zumunci na shekara-shekara, wasu kuma suna naɗar muryar tsofaffinsu a waya. Naɗin murya yana adana tarihin gida, taron shekara yana sada dangi da juna, amma hutun da yaro zai kwana a ɗakin kaka ya fi su kusa da asalin al'adar, domin zumunci a ƙafa yake, kuma daga yawan zama ne wasa da tatsuniya da addu'ar bayan rai suke samuwa.