Layin Okeke da Shuɗin Grillo

A shekarar 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, wadda ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar kansu. Galibin malamansu Turawan Ingila ne, kuma abin da ake koya musu shi ne awon jikin mutum, da zuba haske da inuwa, da yadda abu yake ƙanƙancewa idan ya yi nisa. Ɗaliban ba su raina wannan ilimi ba. Fargabarsu ita ce, ranar da za a yaye su hannun kowa zai fito da kamannin na malaminsa. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma biyu daga cikin 'ya'yanta, Uche Okeke da Yusuf Grillo, sun bar ayyukan da ake gane mai su tun kafin a duba sa hannu.

Okeke ya koma ga uli, adon da matan Ibo suke zanawa a jiki da bangon ɗaki, kusan yadda lalle yake a wurinmu. Mahaifiyarsa ta san sana'ar. Abin lura shi ne bai tsaya ga kwashe siffofin uli ya jera su a takarda ba, ɗabi'ar layin ya ɗauko. Ruwan uli yana kama fata, ba ya goguwa nan take, saboda haka mai zanen takan ja layinta sau ɗaya, ba ta komawa gyara, kuma takan bar fili mai yawa ba ta taɓa ba. A jerin zanensa na tawada mai suna Oja, na 1962, layi guda yakan tashi siriri, ya yi kauri, ya naɗe, sai ga fuska ko mutum tsaye ya bayyana ba tare da inuwa ko ɗaya ba. Hannun da ya yi shekaru yana auna ƙashi da tsoka a aji ne kaɗai zai san abin da zai zubar a bar mutum yana nan. A ganina nan ne ƙarfinsa yake, fiye da ayyukansa na fenti, inda wani lokaci launi yakan danne layin.

Shi kuwa Grillo, ɗan Legas, ta ƙofar launi ya shiga. Ya taƙaita kansa ga shuɗi da shunayya da 'yan uwansu, har aka san shi da su, kuma masu nazari sukan danganta hakan da rinin baba na tufafin Yarabawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata ya san baba ba launi ɗaya ba ne: tsoma na farko daban, na biyar daban, wanda ya sha bugu kuma ƙyallinsa daban. Haka Grillo yake yi. Yakan miƙar da wuya da hannuwan matan da yake zanawa, ya yanyanka mayafi da ɗaurin kai gida-gida kamar gilashin taga, wanda dama sana'arsa ce, sannan ya bar bambancin shuɗi da shuɗi ya yi aikin da inuwa take yi a wurin wasu. Aibinsa a jikin baiwarsa yake. Idan aka jera ayyukansa da yawa wuri guda, natsuwar takan yi yawa, makaɗi da mai jimami su zama kusan yanayinsu ɗaya.

Salon Okeke ma bai tsira ba. Bayan yaƙin basasa ya koma koyarwa a Nsukka, uli ya zama tafarkin makaranta guda. Irin su Obiora Udechukwu sun ɗauke shi sun kai shi wani wuri, amma a hannun masu ƙaramin ƙarfi ya koma ado da ake yayyafawa a gefen hoto.

Wannan ciwon shi ne yake damun yawancin zanen matasanmu na Arewa da nake gani. Wani zai kwafi hoton waya da fensir har gashin gira, a yaba masa haƙuri, alhali ko shi ba zai bambance aikinsa da na abokinsa ba. Wani kuma zai zana mahayin doki yadda aka koya masa a aji, ya manna dagi a kusurwa, ya ce ya samu salo. Dagin nan baƙo ne a hoton. Cire shi, babu abin da zai ragu. Alhali maginin da ya yi wa ƙofar zaure ado a birnin Zariya yana da ƙa'idojin da suka fi dagin kansa amfani ga mai zane. Da ɗanyar ƙasa yake aiki, dole ya gama kafin ta bushe, shi ya sa layinsa yake da kauri, lanƙwasarsa take da faɗi, kuma siffar ƙofar ce take faɗa masa inda adon zai bi da inda zai tsaya. Haka mai ɗinkin aska takwas yake tara nauyin aikinsa a aljihu da kafaɗar hagu, ya bar sauran rigar fili.